Jan Fenti a Jikin Inji

Hammawa dillalin shanu ya shaƙo wuyan rigar Babaji bakanike a tsakiyar garejinsa na Dogo Tebo.

"Mataccen inji ka dasa min a sabuwar mota! A hanyar Azare ya buga, Na'ima tana naƙuda a kujerar baya. Awa biyu 'yata tana zubar da jini a gefen titi. Har yanzu ba ta farfaɗo ba!"

"Alhaji, da injin motar ya ƙone, kai ka ce ko tsoho ne a saka. Sai da na yi walda kafin ya zauna. Wanda ya sayo shi kuwa ya ce mai shi har rantsuwa ya yi, lafiyarsa ƙalau."

"Nemo min mai shi! Wallahi ko ɗan gidan uban waye, sai na ɗaure shi."

Babaji ya ƙwace rigarsa, ya jiƙa tsumma da fetur, ya shiga goge baƙin mai yana neman lambar injin. Sai ga jan fenti ya bayyana: zagaye ɗaya, layi biyu.

Hammawa ya ƙura wa fentin ido. Alamar da yake shafa wa shanunsa a kara ce, kuma komai nasa sai ya shafa masa ita. Bara ya ɗura wa injin tsohuwar motarsa mai mai kauri don ya ɓoye ƙarar, ya rantse, ya sayar da injin.

"Alhaji, ka san alamar ne?"

Wayar Hammawa ta fara ruri a aljihu. Daga asibiti ne. Ya kasa ɗauka.