Da Sauƙi

Tun da aka kafa dokar gaskiya a asibiti, kowace nas tana yawo da maɓalli a wuyan riga. Idan ta faɗi abin da ya saɓa wa sakamakon gwajin majinyaci, sai ya yi ja. Muryarta kaɗai yake ji.

Da hantsi Mansir ya tare ni a ƙofar ɗakin da mahaifinsa ke kwance.

"Sista Asabe, don girman Allah, in Inna ta tambaya, ki ce da sauƙi. Zuciyarta ba za ta ɗauka ba."

"Ka san doka, Mansir."

"Ni zan tsaya miki."

Da Inna ta iso, sai tsohuwar ta kama hannuna. "'Yar nan, yaya mai jiki?"

Wace 'yar Hausa ce za ta ce babu sauƙi? Na ce, "Da sauƙi, Inna." Maɓallin ya yi jawur, amma idonta ba ya gani sosai. Ta yi hamdala, ta tafi gida dama masa kunu.

Kafin azahar rai ya yi halinsa.

Shugabar asibiti ta zo karɓar maɓallina, ta tambayi Mansir ko iyali ne suka nemi a ɓoye.

"Mu? Wa zai so a yaudari uwarsa?"

Ko kallona bai yi ba.

Muna tsaye sai ga Inna da kwano a rufe. Ta saurari kukan da ke tashi daga ɗakin, ta juyo gare ni.

"Ai cewa kika yi da sauƙi."

Kunun ko hucewa bai yi ba.