Keken Ƙafa da Gwiwar Ƙarfe

Tunda ka zo kana huci don abokin sana'arka ya yi gaba, sha ruwa tukuna in ba ka misali. Na tsufa da yi wa babba wa'azi kai tsaye, ba ya ji.

Wasu teloli ne guda biyu, dogo da gajere, shago ɗaya suka haɗa a bakin kasuwa tun gemunsu yana baƙi. Taka keken ɗinki ya cinye musu gwiwa su duka, har ta kai sai a kan kujera suke salla, gefe da gefe a ƙarshen sahu. Suka haɗu suka sayi keken ɗinki mai aiki da wuta suna karɓa-karɓa, tsohon keken ƙafa kuwa aka tura shi lungu ya zama wurin jibge ƙyallaye. Ciwon nan har daɗin hira yake musu, kowa na cika bakin tasa gwiwar ta fi ƙara idan ya miƙe. Ana haka sai 'yar gajeren ta kai shi asibiti, aka cire gwiwar da ta lalace aka sa masa ta ƙarfe. Dogon yana da 'ya'ya maza reras, amma babu wanda ya taɓa ce masa taso mu je. Ya je dubiya, ya tarar an tada wa ƙafar matashin kai, ga farfesu, ga jikoki suna fifita. Bakinsa ya ce Allah ya ƙara sauƙi, zuciyarsa kuwa ta yi baƙi ƙirin. Hassada ce tsagwaronta, kada mu saka mata wani suna. Abin da ya fi ci masa rai shi ne tunanin ranar da zai zauna shi kaɗai a kan kujera, abokin ciwonsa yana tsaye cikin mutane.

To ashe warkewar ma tana da sharaɗi. Likita ya ja wa gajeren kunne cewa sabuwar gwiwa sai an lanƙwasa ta an taka ta tun aikin yana ɗanye, in ba haka ba za ta sandare kamar taɓarya, kuma shi ke nan, sai dai a riƙa ɗaukarsa har ƙarshen rayuwarsa. Mutanen gidansa kuwa so ya rufe musu ido. Ya kai hannu ga buta, an miƙo. Ya motsa zai tashi, an danne kafaɗa. Shi ma dama yana tsoron zafin, ya samu abin da yake so. Ƙafa ta fara ƙin lanƙwasuwa. Zaman gida ne ya ishe shi, ya sa aka kai shi shago a mota, yana dogara sandar asibiti. Dogon ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Ai kai yanzu sabuwar gwiwa gare ka, Malam. A bar wa masu tsohuwar gwiwa keken wuta, ga na ƙafa can a lungu." Nufinsa mutumin ya gwada ya kasa, ya ji kunya a gaban masu kawo ɗinki, ya koma gida ya kwanta. Sai dai gajere akwai zuciya. Ya kwashe ƙyallayen, ya zauna, ya ɗora ƙafa ya taka. Gumi ya keto masa, idonsa ya kawo ruwa, ya cije leɓe ya sake takawa. Dogon yana jin nishinsa, kuma Allah ya yafe masa, nishin nan daɗi yake masa. Da ya ga washegari ma ya dawo, sai ya ƙara wuta. Ya mayar da zare can saman kanta, ya kai dutsen guga bakin ƙofa, ya daina miƙo masa ko almakashi. Kome gajeren yake so sai ya tashi da ƙafarsa ya ɗauko. Ya tashi, ya zauna, ya taka keke, ya sake tashi. Sanda ta koma jingine a bayan ƙofa, wata rana kuma ya tafi gida ya manta da ita, sai dogon ne ya gan ta, ya kwana bai gaya wa kowa ba.

Ranar jajibirin salla aka ɗauke wuta tun da hantsi, ga masu kaya sun yi cirko-cirko a bakin shago. Keken dogon ya yi tsit. Ya lallaɓa ya ari na ƙafa, taku kaɗan gwiwarsa ta ce ba da ita ba. Gajeren ya gama nasa ɗinkin, ya jawo tarin ɗinkin abokinsa, ya ci gaba da takawa. Dogon ya zauna da almakashi a hannu, ba abin da yake kallo sai ƙafar nan tana hawa tana sauka, ƙafar da shi da kansa ya horar. Da safe gajeren ya taka da ƙafarsa har filin idi, kuma da kujera a hannunsa. Ya kai ta ƙarshen sahu, ya ajiye wa dogon, ya gyara masa zama, sannan ya wuce ya shiga cikin masu tsayuwa.

Saboda haka ka koma shagonka ka rage wannan hucin, kada ka zama kai ne kake yi wa abokinka ban ruwa ba ka sani ba. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce hassada ga mai rabo taki ce.