Jarkar da Ke Kumbura

Jarkar ta sake kumbura. Mas'uda ta tsuguna a ɗakin ajiya, ta ɗan murɗa murfin, iska ta fito da huci, kumfa ta biyo baya. Wari ya doki hancinta. Giya ce, kuma a cikin Makka.

Shekara goma sha biyu tana haɗa subiya, abin sha mai sanyi, tana sayarwa a unguwar Hindawiyya, yadda uwarta ta koya mata: sha'ir, busasshen burodi, kirfa da sukari, a jiƙa kwana biyu, a tace, a sanyaya kafin tsami ya yi nisa. Ba ta taɓa ɓata mata ba sai bana. Jarka huɗu take jiƙawa, uku su fito lafiya, ɗaya ta zama abin da baki ba ya iya faɗa. Karo na uku ke nan.

Ba abin da ba ta gwada ba. Ta canza mai sayar mata da sha'ir. Ta wanke jarkoki da tafasasshen ruwa har hannunta ya saɓule. Ta rage sukari. Takan bar murfi sako-sako, ta dawo ta tarar da shi ɗaure tam, ta yi ta zagin mantuwarta. Mantuwar ta kai har yis ɗin fankenta ba ta san yadda yake ƙarewa ba.

Tsoro ya hana ta sakat. A nan aka haife ta, amma takardunta na Nijar ne, ƙasar da ko a mafarki ba ta taɓa takawa ba. In aka kama ta, kurkuku ne, sannan jirgi, ta bar 'yarta Baraka a baya.

Allah ya taimake ta da miji. Abdulilah direban tasi ne, mutum mai sanyin hali, ko tsawa bai iya ba. Sau biyu yana ɗaukar jarkar da kansa. “Kawo in zubar a bayan dutse,” yakan ce. “Ki rufe bakinki, halas, shi ke nan.”

Amma akwai mai farar mota. Duk ranar da jarka ta ɓaci, sai ya tsaya a bakin lungu, yana leƙen tagarsu. Mas'uda ta tabbata ɗan sandan farin kaya ne, wata maƙwabciya ta ji wari ta kai ƙara.

Yau ma ga shi, ana idar da azahar. Abdulilah kuwa ya kai fasinja Jidda.

Ba ta jira shi ba. Ta ja jarkar zuwa bayi, ta tsiyaye ta a hankali, famfo a buɗe. Ta bi da sabulu, ta turara gidan har Baraka ta fara tari.

Bayan la'asar Abdulilah ya shigo, ya wuce ɗakin ajiya ko takalmi bai cire ba. Ya fito fuskarsa a kwaɓe.

“Na zubar,” ta ce. “Mai farar motar nan yana waje.”

Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Mas'uda ta riƙo hannun rigarsa, hawaye na zuba. “Abu Baraka, ka ce ni ce. Wallahi ba ruwanka, kada su tafi da kai.”

Bai kalle ta ba. Aka sake ƙwanƙwasawa, da ƙarfi. Ta laɓe a bayan labule tana salati, shi kuma ya buɗe ƙofar kaɗan.

Mai farar mota ya zuro kai, ya sassauta murya.

“Yalla, Abdulilah, tun azahar nake jira. Ina jarkar tawa? Ai kai ka ce ta wannan karon ka ninka mata yis.”