Tauraron Baduku a Jan Littafi

Malam Zakariyya'u baduku ba ya nan yanzu. Yau kwana bakwai da aka kai shi makwancinsa. Abin da ya bari a shagonsa na Tudun Wadar Kaduna shi ne basilla, da wuƙar yankan fata, da takalma manya-manya da ba mai irin ƙafarsu a unguwar, sai jajayen littattafai huɗu a kan kanta. 'Yarsa Saratu ce ke kakkaɓe musu ƙura, amma ba ta yarda ta buɗe na ukun.

Da Jamusanci aka rubuta su. Wani gidan ɗab'i ne a can ƙasarsu yake fitar da su tun zamanin kakanni, kowace ƙasa da nata, don matafiyi ya san inda zai kwana da wanda zai amince wa. Wurin da ya burge su sai su sa masa tauraro. Duk shekara huɗu ake sake bugawa, kuma a bangon baya akwai kati da mai karatu zai yage ya aika musu da gyara.

A 1984 wata Bajamushiya mai suna Irene, ma'aikaciyar gidan ɗab'in, ta tsaya a shagon don a ɗinke mata jakarta da ta ɓarke. Ta sa sunansa a littafin, har da tauraro. Daga nan Turawa suka riƙa zuwa, littafi a buɗe, yatsa a kan layi.

Malam bai iya karanta shi ba. Amininsa George, mutumin Unguwar Romi, wanda ya yi shekaru yana yi wa injiniyoyin Jamus tuƙi har ya ji yarensu, shi ke fassara masa. Malam yakan ce, "Direba, sake karanto min wajen tauraron nan." George ya ce, "Kai dai baduku, yabo zai kashe ka." Saratu ke rubuta wasiƙun godiya da Turanci, don hannunta ya fi na kowa kyau a gidan, George kuma ya kai gidan waya.

A daminar 1994 Turawa uku suka zo. Littafi ya ce baduku yana raka baƙi ganin duwatsun Kajuru. Mahaifiyar Saratu tana kwance da zazzaɓi. Malam ya ce kwana ɗaya ne kawai. Ya dawo ya tarar an gama jana'iza. Saratu tana da shekara sha shida, kuma ta yi wata biyu ba ta gaishe shi ba.

Bugu na huɗu bai zo ta gidan waya ba kamar sauran. George ne ya samo shi wajen wani ubangidansa, ya zauna a benci ya karanta shafin daidai yadda ya saba. Amma baƙi suka ɗauke ƙafa. Mutane suka ce tsoron rikici ne, daga baya suka ce yanzu kowa waya yake dubawa. Malam bai yarda ba. Kullum yana buɗe shago, yana yanka takalmi daidai ƙafar Bature. Idonsa ya mutu, ƙafarsa ta kumbura. Saratu ta roƙe shi ya koma wajenta Unguwar Sanusi ya huta, ta roƙe shi har da kuka. Amsarsa ɗaya ce: littafi ya ce yana nan, in baƙo ya zo ya tarar da kwaɗo a ƙofa, ya mai da mutanen kirki maƙaryata. A kan bencin nan aka same shi ya cika.

Ranar sadakar bakwai, babban ɗansa Anas ya ɗauko na huɗun don ya nuna wa masu gaisuwa darajar ubansa. Ya ɗora wayarsa a kan shafin ta fassara. Babu tauraro. Layi ɗaya ne: tsohon badukun ya rasu, shago a rufe yake, muna godiya ga mai karatu daga Kaduna da ya sanar da mu.

Anas ya juya kan George, wanda ya tsallako daga Romi da sandarsa. Ya ce George kaɗai ya san yaren, shi kaɗai ke zuwa gidan waya, kuma shekara ashirin da takwas yana yi wa tsoho ƙarya.

George ya ce, "Ƙarya kam na yi. Ba zan iya karanta wa mutum mutuwarsa yana zaune yana min murmushi ba."

"To wa ya aika katin?"

George ya dubi sandarsa, ya dubi ƙasa, ya dubi kowa ban da mutum ɗaya. Ya ce wannan kuma a bar wa Allah.

Anas ya ce kada ya sake taka ƙofar gidan. Tsohon ya sa hularsa ya fita. Saratu ta bi shi har bakin titi, mayafinta na jan ƙasa. Kafin ta ce komai ya ɗaga mata hannu.

"Koma ciki, 'yata. Ni na kusa tafiya, ke kuwa za ki daɗe da yayanki."

Ta koma shago, ta sauko da na ukun, ta buɗe bangon baya inda aka yage kati, ta nufi rumfar da Anas yake zaune.

Wanda ya karanta wannan ya taya ta addu'a. Allah ya jiƙan Malam Zakariyya'u. Allah ya saka wa George. Allah kuma ya yafe wa yarinyar da ta kashe ubanta a takarda, da kyakkyawan rubutunta, shekara talatin kafin ajalinsa.