Fasfon da Ya Ɓata

Sati uku ke nan da zuwanta hutu gidan su ƙawarta a ƙasar waje, kewar Inna ta hana ta sakat. Jirginta gobe ne, fasfo kuwa ya yi ɓatan dabo. Tana cikin nema sai ga shi ya faɗo daga aljihun rigar sanyin yayan ƙawarta, wadda ke rataye a bayan ƙofar kicin.

Yayan yana tsaye a kicin ɗin yana haɗa shayi. Ya kalli fasfon, ya kalle ta, bai musa ba.

"Ni na ɓoye, ƙanwata. In kika tafi, yaushe zan sake ganinki? Aurenki nake so."

Da bakinsa kawai ya roƙa, da wataƙila ta sunkuyar da kai tana murmushi. Amma ba ta san sanda ta wurga masa kofi ba. Ya fashe a goshinsa, jini ya gangaro har gemu.

"Kwana biyu ina kuka a gabanka, Yaya, kana taya ni nema!"

Ya dafe wurin. "To, amsata fa?"

Ta ɗauki fasfonta ta rungume.

"Tana nan a goshinka."