Liƙin Jirgin Baba

Warin kwalta tana tafasa a gwangwani nake fara tunawa. Baba ya ɗora tsohon jirginsa na kamun kifi, na alminiyon, bisa ganguna biyu a ƙofar gidanmu a Unguwar Rogo. Ina zuba ruwa a ciki, yana kwance a ƙarƙashi yana duban ƙusoshi. Wadda ta ɗiga ya buge ta da guduma, ya shafe ta da kwalta.

Sai ga ƙanensa, Baffa Sani, wanda ya samu kwangila wajen soja, a sabuwar mota. Ko fitowa bai yi ba.

"Yaya, gulbin ga ya janye tun da anka tare shi da madatsar ruwa can bisa, kifi ya ƙare. Mi kaka liƙi? Taho ka yi min gadi."

Baba bai dube shi ba. Ya ce da ni, "Ƙara ruwa, ɗiyata. Saura guda."

Ya kuwa toshe ta, ko ɗigo babu. Amma jirgin bai sake shiga gulbi ba. Maƙeran tukwane suka sare shi, Baba ya tsare ƙofar ƙanensa har ya rasu.

Ranar jana'iza Baffa yana gaya wa mutane yadda ya riƙe yayansa. Har yau da ƙyar nake amsa gaisuwarsa.