Sunan Ɗan Fari

Shekarar da sunaye suka ƙare a intanet aka kafa doka: duk mai son buɗe kamfani sai ya nemo sunan mamaci, magajinsa ya sallama da bakinsa. Daga ranar, dangi ba sa ƙara faɗinsa.

Da hantsi Sagir ya kai mahaifiyarsa Ofishin Sunaye na Gusau. Shi da yayansa Jazuli suka ƙirƙiri manhajar da yake son sayarwa, kafin Jazuli ya rasu.

"Hajiya, faɗa wa na'urar nan sunan sau ɗaya," in ji ma'aikaciyar.

Inna ta ce, "Yaron nan."

Fitilar na'urar ta yi ja.

"Sunansa na yanka fa, Hajiya."

Sagir ya sunkuyar da kai. Jazuli ɗan fari ne. Shekara talatin da huɗu kunya ba ta bar Inna ta kira sunansa ba, ko ranar da aka fita da gawarsa.

"Inna, mu tafi. Zan nemi wani suna."

"A ina? Matarka na da ciki, ba ka da aiki. Zauna."

Ta gyara mayafi, ta matsa kusa da na'urar, ta kira shi a hankali kamar yana barci.

"Jazuli."

Fitila ta yi kore.

Inna ta ce, "'Yar nan, bakina bai saba ba, bai fita daidai ba. In sake?"

"Ki yi haƙuri, Hajiya. Yanzu na kamfani ne."